Labarin da Ya Taka Ƙasa: Zahiranci a Ƙagaggun Labarai

 

An nemi in yi magana a kan zahiranci a ƙagaggun labarai: inda ya samo asali, yadda ya shigo rubutun Hausa, da amfaninsa gare mu. Abin da manazarta ke nufi da zahiranci shi ne marubuci ya ƙaga labari, amma ya ɗaure kansa da ƙa'idar rayuwa. Mutanen labarin su zama irin waɗanda muke haɗuwa da su a tasha da asibiti da gidan biki. Idan tauraro ya shiga uku, babu aljanin da zai tsaga ƙasa ya cece shi, babu kawun da ba a taɓa jin ɗuriyarsa ba da zai mutu a shafin ƙarshe ya bar masa gado. Duk abin da ya same shi yana da sanadi, kuma mai karatu na iya bin sanadin daki-daki har ya ce, lallai haka abin zai kasance. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Marubucin zahiri shi ne wanda ya ɗauki wannan magana da gaske, ya zauna ya binciko abin da ya tsamar da ruwan. A kan wannan bin sanadi nake so in tsaya yau, domin a ganina shi ne ƙashin bayan al'amarin, kuma shi ne abin da muka fi yin sakaci da shi a rubutunmu na yanzu.

A matsayin mazhaba mai suna da mabiya, zahiranci ya kafu ne a Faransa a ƙarni na 19. Kafin nan labaran Turawa ma cike suke da jarumai masu sulke da 'ya'yan sarakuna da aka sace. Sai garuruwa suka cika, masana'antu suka yawaita, jarida ta yi araha, aka sami masu karatu 'yan kasuwa da akawu-akawu da matan gida, masu son su ga irin rayuwarsu a takarda. Balzak ne ya fi kowa amsa wannan kira. Ya rubuta littattafai wajen 90 masu sarƙe da juna, ya zana ƙasarsa tun daga fadar masu mulki har ɗakin haya. A littafinsa na 1835 game da tsoho Goriyo, mutumin ya yi arziki da sana'ar taliya, ya aurar da 'ya'yansa mata biyu ga manya, ya koma zaman gidan haya. Ku duba yadda Balzak ya nuna karayarsa. Da farko tsohon yana zaune a ɗaki mafi tsada a gidan. Da 'ya'yan suka yi ta tatsar sa, sai ya koma ɗakin da ke sama mai rahusa, daga baya ya ƙara hawa zuwa wanda ya fi shi rahusa, kuma kowane karo marubucin yana faɗa mana nawa ne kuɗin hayar. Bai buƙaci ya ce mana tsohon ya tsiyace ba. Kuɗin haya sun faɗa.

Bayan shi sai Fulobe, wanda labarinsa Madam Bobari ya fito a 1856. Matar wani likitan ƙauye ce, ta tashi da karatun littattafan soyayya, ta ga mijinta da garinsu ba su yi kama da abin da ta karanta ba. Ta bi son zuciya, ta yi ta cin bashi a wurin wani ɗan kasuwa mai zaƙin baki, har aka zo kwashe kayan gidan, ta sha guba. Gwamnati ta gurfanar da marubucin a kotu a 1857 bisa zargin ɓata tarbiyya, kotu ta sallame shi. Ku riƙe wannan, domin zargin da aka yi masa za mu sake gamuwa da shi a gida. Zola kuwa, da ya yi niyyar rubutu a kan masu haƙar kwal, sai da ya je yankin ma'adinai a arewacin Faransa a 1884, ya sauka cikin rami da ƙafarsa, ya shiga gidajen leburori, sannan littafin ya fito a 1885. A Ingila da Rasha ma an yi irin wannan, su Dikens da Tolstoi, amma ba zan tsaya a kansu ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Najib Mahfuz na Masar. A 1947 ya ɗauki lungu guda a tsohon birnin Alƙahira, mai gidan shayi da wanzami da mai dalilin aure, ya gina littafi sukutum a kansa. Daga baya ya bi iyali guda har jikoki cikin littattafai uku da suka fito a 1956 da 1957. A 1988 aka ba shi kyautar Nobel, Balarabe na farko da ya samu a fannin adabi. Musulmi ne, a cikin al'umma mai kunya da rufin asiri irin tamu, kuma lungun unguwa ya ishe shi.

To, mu dawo gida. Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara ne da gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Dokta Rupert East, kuma ƙasar Katsina na da babban kaso a ciki. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki. Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar, sannan East da John Tafida suka haɗu suka rubuta Jiki Magayi.

Idan aka jera waɗannan littattafai za a ga hanya ta rabu biyu tun daga ranar farko. Ruwan Bagaja ya bi hanyar tatsuniya da hikaya: tafiya neman ruwan magani, wasan dabara tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, shiga ƙasar aljannu. Ganɗoki ya fara da ƙafafunsa a ƙasa, a yaƙe-yaƙen Kwantagora da zuwan Turawa, abubuwan da mutane suka gani da idonsu, sannan daga tsakiya ya tashi sama ya tafi yaƙi da aljannu. Ba na raina wannan hanya ko kaɗan. Imam gwani ne, har gobe ba a yi wanda ya fi shi sarrafa Hausa a zube ba, kuma al'ummar da ta yar da tatsuniyarta ta yi babbar asara.

Amma Shaihu Umar daban yake, kuma a nan zan ɗan jima. Wani malami ne ke ba almajiransa labarin rayuwarsa. Tun yana yaro aka yi wa mijin uwarsa, Makau, sharri a fada bayan an dawo daga hari, aka kore shi daga gari. Aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi Masar, ya rene shi, ya ba shi ilimi. Uwar ta fita nemansa, ita ma aka yaudare ta aka sayar. Ta ƙetare hamada cikin bauta, sai a Tarabulus suka sadu, tana gab da mutuwa. Daga farko har ƙarshe babu abin da ya faru wanda ya saɓa hankali. Hassadar fada ce ta kori Makau, korar ce ta raba iyali, rabuwar ce ta bar yaro da uwa ba mai kare su, sannan kasuwar bayi na nan a buɗe tana jiran duk wanda ba shi da gata. Kowane abu ya haifi na gaba da shi. Ku tuna kuma, lokacin da wannan malamin makaranta na Bauci yake rubutu, dattawan da aka kama ko suka kama suna raye a unguwanni, domin sai a 1936 doka ta kammala soke bauta a Arewa. Bai jingina laifin ga baƙi kaɗai ba. Masu kai hari da masu sata da masu sayarwa mutanen gida ne, kuma ya faɗi haka cikin natsuwa, ba zagi ba kururuwa. Littafin ɗan siriri ne, amma ni a wurina shi ne kakan zahiranci a Hausa.

Bayan nan an ɗauki shekaru masu yawa hanyar Imam ce ke da rinjaye. Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 abin ya juya. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi saurayin ƙauye da ya gudu birni ya faɗa hannun ɓata-gari. Kamfanin buga littattafai na NNPC ya yi gasa, a 1980 aka buga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Sannan gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta haifar da littattafan 1982, waɗanda biyu daga ciki ya kamata kowane ɗalibin Hausa a jihar nan ta Katsina ya karanta.

Na farko Turmin Danya, shi ma na Sulaiman Ibrahim Katsina. Zamanin kuɗin man fetur ne, labarin kuwa na attajirin ɗan fasa-ƙwauri ne da yaransa, da ma'aikatan da yake saye da cin hanci, da matan da ake lalatawa da kuɗi. Mu da muke zaune kusa da iyaka, mun san hanyar Jibiya da ta Maraɗi, ba sai an yi mana fassara ba. Na biyu Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Tauraronsa Mailoma Bamaguje ne, ya bar gida, yaƙin basasa ya koya masa riƙe bindiga, da aka gama yaƙi ya tara 'yan ta'adda, ga makamai ga ƙwaya, suka addabi jama'a. An buga wannan a 1982, tun ba a ƙirƙiro jihar Katsina ba, tun mutum na iya ratsa dajin Rugu ba fargaba. Bature Gagare bai san gaibu ba. Ya dai dubi abin da ke gabansa da kyau, matashi marar madafa, bindigar da ta saura bayan yaƙi, hukumar da ake iya saye, ya bi su ya ga inda za su kai. Wannan shi ne amfanin zahiranci na farko: wanda ya iya bin sanadi yakan hango abin da jama'a ba su kai ga gani ba.

Daga tsakiyar shekarun 1980 sai littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka ɓarke, marubuta na buga abinsu da kuɗinsu. An yi musu kuɗin goro an ce duk soyayya ce, kuma an zalunci da yawa daga cikinsu da wannan hukunci. Ku ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Alhaji Abdu ya auro sabuwa, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'ya tara. Abin da ya ba littafin nauyi shi ne marubuciyar ta tsaya ta nuna yadda Rabi ta ci da yaran: ɗakin haya, sayar da abinci, kuɗin makaranta, ɗawainiyar aurar da 'ya. Gaskiya ne sakayya ta zo wa Alhajin da gaggawa, gobara ta cinye masa shago. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Da ya tsiyace, dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma ta riƙe shi, ita da ta riga ta tsaya da ƙafarta. Duk macen da ke zaune a ɗakin nan ta san haka ake yi. An fassara littafin zuwa Turanci a 2012, mutanen Indiya suka buga shi, kuma abin da ya ja hankalin masu karatu a can shi ne wannan rayuwar cikin gida da aka zana yadda take.

A nan ne ake tayar da ƙorafi, kuma ƙorafi ne da ya cancanci amsa cikin ladabi, domin masu yin sa iyayenmu ne da malamanmu. Sukan ce addini ya hore mu da suturta aibi, don me marubuci zai kwashe dattin gida ya baza a kasuwa? Amsata ita ce, ƙagaggen labari ya fi kowace hanya kiyaye sutura. Rabi ba 'yar kowa ba ce, Alhaji Abdu ba shi da gida a wata unguwa da za a nuna da yatsa. An nuna cutar, ba a kunyata majinyaci ba. Malami a kan mumbari yakan ce ana zaluntar mata a wajen saki, kowa ya gyaɗa kai yana tunanin wani ake nufi. Labari kuwa yakan zaunar da mutum a ɗakin matar da aka saka, ya kwana da ita da yaranta ba abincin dare, ya ji abin a jikinsa. Sai dai akwai gyara ga marubuta ma. Batsa ba zahiranci ba ce. Wanda ya cika shafi da abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa, ya kasa gaya mana da me ake cefane a gidan, kasuwa yake nema. Shaihu Umar ya nuna bauta da dukkan muninta, kuma babu layi guda da ɗa zai ji kunyar karantawa a gaban mahaifinsa.

Yanzu mu zo kan yau. Rubutun Hausa bai taɓa yawa kamar yanzu ba. Ana sakin labarai shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ana biya ta banki, ana karanta wasu a YouTube, kuma mafi yawan marubutan mata ne matasa. Wannan abin farin ciki ne. Amma idan ka buɗe da yawa daga ciki, sai ka tarar da kanka a Maitama ko Dubai, saurayi ɗan shekara 28 yana da kamfanoni a ƙasashe uku, ba wanda ya san abin da kamfanonin ke sayarwa. Na fahimci dalili. Mai karatun da rayuwa ta matse yana son inda zai huta, kuma hutu halal ne. Damuwata ita ce idan aka wayi gari wannan kaɗai muke da shi.

Ku dubi abin da ke kewaye da mu. Ga madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, da masunta da masu noman rani, da mai tumatir da ke kallon kayansa na ruɓewa saboda farashi ya faɗi ranar da ya kai kasuwa. Ga garin nan na Dutsin-Ma, ƙasar Yandaka, da ya canza kama tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, bayan Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke nan tun da: filaye sun yi tsada, magidanta sun mai da gidaje ɗakunan haya, ɗalibai daga kowace kusurwa ta Najeriya suna zaune katanga ɗaya da dattawan da ba su taɓa barin ƙasar Yandaka ba. Ga Kurfi, ƙasar Maraɗin Katsina, da ƙauyukanta, inda samari ke tafiya ci-rani su bar mata da tsofaffi da gona. Balzak da ya sami wannan, da bai nemi wani abu ba.

Sannan ga babban abin da ya fi damunmu. Mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa Batsari da Safana da Ɗanmusa, mun san ya taɓa Kurfi da Dutsin-Ma, duniya ta ji labarin ɗalibai sama da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a Disambar 2020. Jarida da rediyo sun yi nasu aikin, sun ce an kashe kaza, an sace kaza. Jarida ƙidayar buhuna take yi, labari ne ke kwance bakin buhu a ga abin da ke ciki. Wa zai rubuta mana daren da 'yan'uwa suka zauna suna lissafin kuɗin fansa, wannan ya ce a sayar da gonar gado, wancan ya ce da me za a ci baɗi? Wa zai rubuta matar da aka sako bayan watanni, ta dawo ta tarar kishiya da maƙwabta suna kallonta da wani ido? Ko manomin da gonarsa ke can nesa da gari, damina ta faɗi, yana auna yunwa da tsoro? Lokacin da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Ashe masu iyawa suna nan, kuma masu son ji suna nan.

Abin da ya fi wuya a irin wannan rubutu, kuma a nan ake gane marubucin zahiri, shi ne adalci ga mutumin da ka tsana. Infoma da ke cin abinci da mutane da rana ya tsegunta su da dare, dole ka san bashin da ke kansa, ko ƙiyayyar da ya ƙulla, ko kwaɗayin da ya ja shi. Yaron da ke daji da bindiga an haife shi a wata ruga, yana da uwa, wataƙila an kore shanun ubansa, wataƙila burtalin da kakansa ke bi ya zama gona, wataƙila kuma babu ko ɗaya, banza ya gani ya bi. Ɗan sa-kai da ya fito kare garinsu yana iya kashe marar laifi a kasuwa saboda kamanninsa. Bayyana sanadi ba wanke mai laifi ba ne, laifi na nan a matsayinsa. Amma labarin da ya mai da ɓangare guda dodanni, ɗaya ɓangaren mala'iku, ya koma tatsuniya ko da ya ambaci sunan Kurfi a kowane shafi, kuma ba zai taimaki mai neman mafita da komai ba.

Ɗalibai, ga abin da aikin ke buƙata daga gare ku. Ku riƙe ɗan littafi ko ku buɗe wuri a wayarku. Idan za ku rubuta masunci, ku je Zobe ku zauna da masunta har ku san sunayen kifi da na kayan su, ku san wa ke da kwalekwale wa ke haya, yaya ake raba abin da aka kamo. Idan tauraruwarku mai ƙosai ce, ku san nawa ta sayi kwanon wake da kwalbar mai a makon da labarin ke faruwa, nawa ke saura mata bayan ta zuba adashi. Ba duka za ku sa a labarin ba, amma mai karatu yana gane marubucin da ya sani ko da bai faɗa ba. Ku nemi izinin wanda ya ba ku labarin wahalarsa, ku sauya suna da gari da duk alamar da za a gane shi da ita, musamman a kan maganar tsaro, inda kuskure ɗaya na iya jawo asarar rai.

Sannan ku saurari baki. Mai ba da labari na iya amfani da daidaitacciyar Hausa, amma tsohuwar da ke ƙauyen Kurfi ba da Hausar jarida take magana ba. Tana cewa mi, tana cewa shina, tana cewa tahi da hwara, tana cewa na ce mashi. Ɗalibar jami'a tana cakuɗa Hausa da Turanci, Bafulatanin da ya shigo kasuwa yana da nasa lafazin, direban tasha yana da nasa. Matar aure ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruki ba ya zama inda surukarsa take. Idan kowa a labarinku yana magana da murya ɗaya, muryarku ce, kuma mai karatu na Dutsin-Ma zai gane tun a shafi na biyu.